Saja Ishaya da Kwamfutar Kanya Mai Riga

Shekara shida ke nan da muka kai Saja Ishaya makwancinsa a bayan garin Zuru. Ni ɗan kasuwa ne, ban saba yabon mutum a jarida ba. Amma akwai abin da ya yi mini wanda ban gode masa yadda ya kamata ba yana raye, shi ya sa na roƙi wannan fili.

Da tebur na fara, ina sayar da batir da tocila. Daga nan na koma rediyo, sannan kwamfutocin gwanjo, har Allah ya sa na buɗe shagunan buga takardu da rajistar jarrabawa a Dirin Daji da Danko da Kanya. Shago uku, kwamfuta tara, ni kuma ina Zuru. Duk ranar da ɗaya ta tsaya sai in goya mai gyara a babur mu yini a hanya, mu je mu tarar aikin bai wuce na minti biyar ba.

Saja tsohon soja ne, a sashen sadarwa ya yi aikinsa. Da yaren C'lela ya tashi, Hausarsa kuma ta bariki ce, gajera, ba kwana-kwana. Maƙwabcina ne a layin shago. In na tafi masallaci shi ke duba mini ƙofa, ran Lahadi kuma ni ke karɓar masa saƙo. Bai taɓa kira na Alhaji ba, sai dai Dila. Wata rana ya ga na dawo daga Danko ƙafata duk taɓo, ya ce a soja kwamanda ba ya zagaya kowane sansani da ƙafarsa don ya ji ko suna lafiya. Ya ce in ba shi wata guda.

Wata biyu ya yi. Ya ware kwamfuta ɗaya a shagona na Zuru, ya ce ita ce uwa. Sauran tara ya sa wa kowace ƙaramar manhaja mai aiko da rahoto ta intanet, ya rubuta musu lamba da fenti a gefe. A Kanya sabis ba ya shiga ɗaki, sai da ya kafa doguwar gora ya ɗaura na'urar kamo sabis a samanta. Da ya gama ya zaunar da ni gaban allo. Ga layi tara: kore tana aiki, ja ta mutu. Ana ganin zafin kowace, da wurin ajiyar da ya rage mata, da wadda filashar wani ta sa wa cuta. Daga kujerar nan yake shiga ta Dirin Daji ya gyara, ina kallon kibiya tana yawo kamar da hannunsa a can. Bai bar ni na tashi ba sai da na iya da kaina.

Abu ɗaya muka saɓa a kai. Ya tsara abin yadda ba za ka shiga kwamfutar shago ba sai saƙo ya fito wa wanda ke zaune gabanta, ya danna amincewa. Sallama yake kiran wannan. Na ce kayana ne, da guminna na saya, me ya kai ni neman izini? Ya ce gidan hayar da na gina ma nawa ne, amma ba na faɗa wa ɗan haya ɗaki ba sallama. Lafiyar inji, in ji shi, ka duba ta ko yaushe. Abin da mutum yake yi kuwa, sai da saninsa. Na bar shi a haka, amma ban yarda ba.

Da damina ta kama sai lamba bakwai, babbar kwamfutar Kanya, ta fara yin ja kullum da rana tsaka, ta yi awa biyu ko uku kafin ta dawo. Mai riƙe da shagon shi ne Malam Haruna, mutum mai iyali, shekararsa huɗu tare da ni. Na san yana da gona. Na haɗa wannan da wancan na yanke hukunci: rufe mini shago yake yi ya tafi noma. In na kira shi sai ya ce komai lafiya, wannan ya ƙara tunzura ni. Har na yi wa ƙanen wani abokina alkawarin aikin, na ce ya shirya ƙarshen wata. Abin da ya rage mini shaida ce kawai. Na je na ce wa Saja ya cire sallamar nan, ya buɗe mini kyamarar kwamfutar a ɓoye in ga shagon da idona.

"Ba zan yi ba, Dila," in ji shi. "Ka nemi wani ya yi maka. Amma kafin ka kori mutum, zo ka karanta abin da injin ya faɗa."

Ya buɗo rahoton kwana goma. Kullum zafin lamba bakwai yana hawa tun hantsi, ya yi ta hawa har ta ɗauke. Ya nuna mini cewa in mutum ne ya kashe ta, tana rubuta hakan, a nan kuwa babu ko sau ɗaya. Ita ke kashe kanta don kada ta ƙone. Ya jira ta dawo kore, ya aika sallama, Haruna ya amsa. Sannan Saja ya kira shi a waya ina ji, ya tambaye shi iyali da ruwan bana, ya ce ya kwatanta masa yadda kwamfutar take zaune.

Haruna ya ce tana nan cikin rigarta. Ashe an kafa injin niƙa kusa da shagon, gari yana shigowa ta taga. Da ya ga haka ya sa matarsa ta ɗinka wa kwamfutar riga mai kauri, irin wadda ake yi wa talabijin da keken ɗinki, har da ado a baki. Ba ya cire ta ko ana aiki, don a ganinsa kayan maigida ne mai tsada, bai kamata ya yi datti a hannunsa ba. Rigar ta toshe duk kafofin iska. In ta mutu sai ya zauna yana yi mata fifita, yana karɓar aikin mutane da biro kafin ta farfaɗo. Bai faɗa mini ba don yana tsoron in ce shi ya lalata ta.

Saja bai yi dariya ba sai da ya kashe wayar. Ni kuwa kunya ta hana ni. Na je na ba ƙanen abokina haƙuri, na aika wa Haruna labulen taga da fanka, ban ce masa komai ba.

Yau hanyoyin nan ba sa biyuwa yadda muke bin su da, saboda rashin tsaro. Akwai watannin da ba na iya leƙa Danko ko Kanya, ta allon nan kaɗai nake sanin shagunan suna raye, kuma yanzu a wayata ma ina gani. Da Saja yana nan zai ji daɗin wannan, ko da yake zai yi faɗa a kan lambar sirrin da ban canza ba tun bara. Abin da ba zai so ba shi ne manhajojin da ake kawo mini talla, masu naɗe duk abin da ma'aikaci ya taɓa ba da saninsa ba. Nakan saurari mai tallan har ya gama, in ba shi ruwa, in ce ina da tsari. Na gwada mulki da zato sau ɗaya, na ga inda ya kusa kai ni.

Kwamfutocin da Saja ya yi wa fenti duk sun mutu, an sauya su. Gorar Kanya ma gara ta cinye. Abin da ya rage nasa shi ne Haruna yana bakin aikinsa, 'ya'yansa suna makaranta, ni kuma ban ɗauki alhakinsa ba.

Da zan rubuta wannan na ga bai dace Haruna ya fara jin labarin a jarida ba. Na kira shi makon jiya na faɗa masa komai, na nemi gafara. Ya ce ai ya sani tun a lokacin, wanda na yi wa alkawarin da kansa ya zo duba shagon yana auna inda zai sa kujera. Na ce to me ya hana shi magana duk shekarun nan?

"Na so in ajiye makulli, Alhaji," in ji shi. "Saja ne ya kira ni ya ce in zauna. Ya ce kana da saurin hukunci, amma in an nuna maka gaskiya kana karɓa. Sai na ce bari in tsaya in gani."

Na tambaye shi ko ya gani. Ya ce yana kan dubawa.