Ɗorin Salma 'Yar Malami

Salma 'yar Malami mai ɗori ba ta iya zama wuri ɗaya ba tun tana ƙarama; mutanen Aliero cewa suke kamar a kan cinnaka aka haife ta. A gidansu ɗori gadon maza ne. Mace sai dai ta fere karan da za a ɗaure karaya da shi, ta miƙa ta bayan zana. To ita idonta na cikin hudar zanar nan shekara da shekaru, kuma duk akuyar da ta karye a unguwa a hannunta take miƙewa.

Wanta Waliyyu, malamin makaranta a Jega, shi ya ƙara hura mata wuta. Ya ba ta labarin matan Turai na shekara ɗari da suka wuce, da suka nemi karatun likita maza suka jefe su da taɓo a ƙofar jarrabawa. Salma ta ce su ai har ƙofa sun kai. Sau uku tana roƙon mahaifinta ya koya mata, sau uku yana cewa ɗiya mace gidan wani take kai gado. Abin ya ci mata rai. Ta yi aure a bayan gidansu, amma kullum tana nan tana fere kara.

Shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato aka kawo Inno, wata Bafulatana daga Giwa Tazo, saniya ta karya mata cinya. Matar ta rantse gara ta gurgunce da namiji ya taɓa ta. Kwana biyu ƙafa na kumbura, Malami na lallashi, Salma na kai da kawo a tsakar gida. Rana ta uku ta ɗebi kara ta shiga, ba ta tambayi kowa ba. Bayan wata biyu Inno ta koma ruga da ƙafarta. Mata masu karaya suka riƙa zagayowa wurin Salma ta ƙofar baya. Malami bai hana ba, bai kuma yaba ba, alhali kalmarsa ɗaya Salma take jira.

Shekara shida ana haka, tsohon ya zame a rumfar albasa, hannu ya karye. 'Ya'yansa maza uku suka taso da kara, ya janye hannun, ya ce a kira Salma. Da ta durƙusa gabansa ya miƙa mata.

"Ɗaura, ɗiyata," ya ce. "Ai na ga ƙahwar Bahillata."

Sai da ta share ido da haɓar zane, sannan ta kama ƙashin.