Dutsen Kaushin Kaka

Kakata, Allah ya jiƙanta, in ta fara labari ko rediyo sai ya yi shiru ya saurara. A Kakuri muke lokacin, Baba na aikin masaƙa. Da an sauke tuwo sai mu kewaye murhu, ita kuma ta miƙe ƙafa tana goge kaushi da wani dutse mai huji-huji, mara nauyi kamar busasshen burodi. Shi kaɗai ta gada daga babanta, mai fataucin kanwa da raƙuma.

Wai can cikin sahara, ƙasar Tubawa, akwai wani tsauni da cikinsa ya yi ta tafasa tun ba a haifi kakan kowa ba. Ran da ya gaji ya yi aman wuta, duwatsu suka narke suna gudu kamar kunu, kumfar ta daskare ta zama irin na hannunta. Da cikin ya zama fanko sai kansa ya rufta, ya bar ramin da zai haɗiye Kakuri da Sabon Tasha bai ƙoshi ba, gindinsa fari fat da kanwa. A bakin ramin babanta ya tsinto dutsen, kuma wai ko a ruwa ba ya nutsewa.

Na ce tsohuwa a rage gishiri, dutse dai dutse ne.

"Maigidan, kai da ko Zariya ba ka sani ba?" in ji ta.

Mai hankali a bokiti zai gwada. Ni 'yan kallo nake so. Washegari na sace dutsen, na kwashi yaran layinmu har bakin kogi, na wulla. Ya taso yana rangaji, ruwa ya yi gaba da shi ina kallo.

Da yamma na faɗa mata, na riga na shirya wa bulala. Sai ta ce, "Ya nutse?"

"Bai nutse ba, Kaka."

Ta yi dariya, sannan ta juya tana share ido, wai hayaƙi ne. Itacen kuwa ya riga ya zama garwashi.

Bara 'yata ta nuna min hoton ramin a waya, da kanwarsa da komai, yadda tsohuwa ta faɗa. Yau duk ƙaryar da na sharara a majalisa haɗiyewa ake yi. Wannan ɗaya da take gaskiya, sai a ce in kawo dutsen a gani.