Bangon Da Suka Shafe Da Fenti

Ƙarfe bakwai na safe take buɗe ɗakinta, shekara talatin da ɗaya babu fashi. Ɗakin yana can ƙarshen sashen gashin ƙashi, kusa da inda ake shanya zannuwan gadon asibiti, wurin da sai mutum ya ɓata hanya yake isa. Ta share, ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye kujera biyu, ta buɗe taga. Kayan aikinta ke nan, sai wani bango da ya yi baƙi daidai tsayin ƙirjin mutum, saboda tafukan hannun da suka yi shekaru suna tura shi. Shi ya sa ma'aikata suka laƙaba mata Mama Tura-Bango. Da ba'a suka fara, ita kuwa ta amsa abinta.

Marasa lafiyarta su ne waɗanda zuciyarsu ba ta zama wuri ɗaya: yau fara'a, gobe kuka, jibi fushin da ba a san mafarinsa ba. Likitoci su rubuta musu magani, in sun gaji da ganinsu su turo mata. Ba ta taɓa hana kowa shan maganinsa ba. Abin da take ƙarawa shi ne ta koya wa mutum jin gargaɗin jikinsa kafin bakinsa ko hannunsa ya yi ɓarna.

Ni ta dalilin yayana na san ta. Direban babbar mota ne, ya yi hatsarin da abokin aikinsa ya rasu a gefensa. Karaya ta warke, hali ya ƙi dawowa. Da safe ya goya autarsa yana mata waƙa, da rana ya yi jifa da kwano don an taɓa masa makulli, da yamma ya zauna yana hawaye yana neman gafara. Ranar da kwanon ya wuce ta gefen kunnen yarinyar, matarsa ta kwashe yara uku ta koma gidan iyayenta, ta ce ba za ta dawo ba sai ta ga canji da idonta. Ban ga laifinta ba. Mu kuwa dangi, gwanayen nasiha, kowa ya zo ya ce masa ya danne zuciyarsa, kamar shi bai san da hakan ba.

Na kai shi ɗakin Mama yana cika yana batsewa. Ya shirya a tambaye shi me ke damunsa ya ce babu komai. Sai ta ce ya cire takalmi ya taka siminti.

"Ɗana," ta ce, "in abin zai taso maka, a ina kake fara jinsa a jikinka?"

Ya taɓa muƙamuƙinsa. Ta ce ya dafa bango da hannu biyu, ya tura kamar motar da ta mutu a kan hanya, yana sauke numfashi sannu sannu. Ya harare ni, irin hararar da ke cewa za mu haɗu a waje. Amma ya tura. Ba a yi minti biyar ba ƙaton mutum ya zube kan tabarma, kafaɗunsa na karkarwa. Ba ta ce masa ya yi haƙuri ba. Gefe ta zauna, ta ce ya bar jikin ya gama abin da ya fara.

Wata biyar yana zuwa duk Talata. Sau biyu yana dainawa, ta yi ta kiransa a waya har ya dawo. Abin da ya koya ɗan kaɗan ne: da zarar haƙoransa sun haɗu, ya tashi ya nemi bango. Ranar da matarsa ta zo ɗaukar sauran kayan yara, auta ta kifar da shayi a kan takardun motarsa. Ya miƙe zumbur, uwar ta fizgo 'yarta ta rungume. Shi kuwa ya wuce su, ya dafa bangon falo, ya yi ta turawa har gumi ya keto masa. Bayan mako guda matarsa ta dawo ɗakinta.

Wannan Maman ce ta yi ritaya watan jiya, ko ruwan sanyi ba a raba ba. A makon ne ma aka kafa rumfa aka sha jawabai don an kawo sabuwar na'ura. Sau huɗu tana rubuta takarda a ba ta ma'aikaciyar jinya ko da guda ɗaya ta koya mata aikin kafin ta tafi, ba a amsa ba. Shugaban sashe ya leƙa ɗakin, ya ga babu na'ura babu gado, ya ce ai wannan ɗaki ne da ba kowa, a mai da shi sito. Na tarar da mai fenti yana tattara kayansa, yana ƙorafin sai da ya yi shafi uku kafin dattin bangon ya ɓuya. Datti ya ce. A ciki akwai tafin hannun yayana. Abin ya ci min rai, har yau bai sake ni ba.

Mama, ke ce kika mayar wa yara uku ubansu da tabarma da bango. Ke ce mai sauke ƙato ba tare da kin ɗaga murya ba. Da na je gidanki ina ta masifa, kika bar ni na gama, sannan kika ce, "'Yata, bango ai ko'ina akwai shi. Ni waɗanda za su zo ranar Talata su tarar da kwaɗo a ƙofa nake ji." 

Mun gode, Mama, Allah Ya saka miki da abin da mutane suka kasa ba ki. Ku kuma ma'aikatan jinya masu tasowa, tana nan da ranta, ƙofarta a buɗe, ku je ku zauna a gabanta tun kafin ku zo kuna yabonta a bayan ido.

Shekaranjiya aka yi wa falon yayana fenti. Da mai fentin ya iso inda tafuka biyu suka yi baƙi, matar gidan ta tsaya a gabansa ta ce ya kewaye wurin.