Ƙara Biyu Don Malamar Lissafi

Shekara ashirin da shida ke nan Baba Injiniya yana riga kowa buɗe ƙaramin ɗakin da ke ƙarshen barandar makarantar makafi. Zai rataye hularsa a ƙusa, ya share teburi da wani tsohon burushin fenti, sannan ya jera sukudirebobinsa daga babba zuwa ƙarami. A takarda, mai gyaran kwamfuta ne, ƙaramin ma'aikaci. Ko a hoton ƙarshen shekara, sai ka duba da kyau za ka hango rabin fuskarsa a layin baya.

Cikin duk na'urorin da ke bi ta hannunsa, babu wadda ta ci masa lokaci kamar laftof ɗin Malamar lissafi, wadda ta rasa ganinta tun tana ƙarama. Manhajar aiki biyu ce a cikin kwamfutar, kamar ɗaki biyu a gida ɗaya. A ɓangare guda take shigar da sakamakon ɗalibai, don shi kaɗai ofis ya amince da shi. A ɗayan kuma akwai muryar da ke karanta mata alamomin lissafi daidai, ba ta haɗiye rabi. Matsalar ita ce, da an kunna, allo zai nuna layi biyu a zaɓa, shiru, na daƙiƙa biyar. Mai ido ya zaɓa ya wuce. Ita kuwa sai ta zauna jiran wanda Allah zai kawo.

Baba ne ya duƙufa kwana uku har ya sa kwamfutar yin ƙara sau biyu daidai lokacin da layukan ke fitowa. Da ta ji, sai ta danna maɓalli ta shiga inda take so. A ranar farko sai da ta kashe ta kunna sau tara, tana ta dariya.

Sai dai duk sanda aka sabunta direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa lasifika da allo aiki, sai wani abu ya goce. Ko ƙarar ta ɓace, ko muryar ta ɗauke, ko ɓangare ɗaya ya danne ɗan'uwansa. Wani ƙwararre da aka taɓa turowa daga hedikwata, mai yawan duba agogo, ya ce a goge ɗaya kowa ya huta. Masu shara da ke wurin sun ce ba su taɓa jin Baba ya ɗaga murya ba sai ranar.

"Kowa ya huta? Ita fa?" in ji shi. "In ka goge, kai za ka zo ka riƙa karanta mata?"

Kai ne, Baba, ka san in muryar nan ta mutu, aikin Malama ya mutu: za a ce ba ta iya riƙe aji ita kaɗai, a sallame ta. Kai ne kake kwafe komai kafin ka taɓa komai. Ka sabunta direba ɗaya, ka kashe, ka kunna, ka gwada ɓangarorin biyu, sannan ka taɓa na gaba. Sarkin haƙuri, ba mu taɓa jin ka yi tsaki ba.

Abin da ya karya mana zuciya shi ne, shekara biyu ke nan kunnen Baba yana tafiya. Da farko ya ce lasifikan zamani ne ba su da ƙarfi. Daga baya matarsa ta lura tana kiransa daga bakin ƙofa ba ya waiwayowa. Likita ya ce jin ba zai dawo ba. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kuma har yau ba a turo magajinsa ba.

Shi ya sa tun farkon zango ya zaunar da Malama. "Ke za ki koya. Ba zan bar ki a hannun masu gogewa ba."

"Haba Baba, ni da ba na gani?"

"Me kika ce?"

Ta maimaita da ƙarfi. Ya ce, "To ni da ba na ji fa?" Suka yi dariya, amma tata ba ta ƙare da daɗi ba.

Yana faɗa tana bugawa a rubutun makafi, har shafi goma sha ɗaya. Talatar da ta wuce ta yi sabuntawar da kanta, shi yana tsaye, hannuwa a baya don kada su yi masa shisshigi. Ta kashe, ta kunna. Ƙarar ta fito, Malama ta danna, murya ta fara karatu, duk wanda ke ɗakin ya ji. Baba kuwa ya ƙura wa allo ido.

"Ta yi? Malama, ta yi magana?"

Malama ta miƙa hannu. Ta laluba ta kamo hannunsa, ta ɗora yatsunsa a kan lasifikar, ta sa muryar ta sake karanta layin. Ya ji motsin a fatarsa. Sai ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na girgiza.

Mun gode, Baba Injiniya. Allah ya saka maka da alheri, ya sanya albarka a sauran kwanakinka. Ku kuma masu gyara, kafin ku ce a goge, ku yi koyi da shi, ku tambayi wa ke dogaro da abin. Bayan tafiyarsa Malama za ta ci gaba da shiga aji da kwamfutarta, ɗalibai talatin su ji darasi. Shi ne kawai ba zai ji ba.