Kilabiye Mai Ƙara Daga Malanbil

Mun bar Dioundiou ana kiran assalatu, ni da goggona, a wata tsohuwar mota da ta ɗauki mutane ta ɗauki buhunan albasa har bisa rufi. Ita doya za ta saro. Ni kuwa kilabiye nake nema, wato allon maɓallan da ake buga rubutu da shi a ordinatar, kwamfuta ke nan.

Ga masu tambayar abin da ya tayar da ni: aikina buga rubutu ne, kuma tun damina ta faɗi nake zama da aminin mahaifina, wani tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, da muke kira Baba Mushe, don "mushe" ake ce wa malamin boko a wajenmu. Idanunsa sun mutu, jikinsa ya yi rauni, yana so ya bar tarihin garinmu a rubuce. Shi yana faɗi, ni ina bugawa. Sai maɓallan ordinatar tawa suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har ya zama in na buga "hatsi" sai in ga "htsi". Makon da ya wuce kuma zazzaɓi ya kwantar da shi. Da na je sallama ya riƙe hannuna ya ce, "Kada ka daɗe, ɗana. Ba mu kai ko zamanin yunwa ba a tarihin nan." Da wannan maganar na shiga mota, kuma ba ta bar ni na zauna lafiya ba.

Hanya ta sha ruwa. Direba yana kauce wa rami ya faɗa wani. A fadama rake ya yi kore shar, giginyu tsaye reras, mata na tallar muruci a bakin titi. Da a ce wata rana ce da na more kallo. Amma duk inda muka tsaya, ko shingen jandarma ko sauke fasinja, sai in ji kamar in sauka in tura motar. A wajen Bana taya ta fashe. Goggo ta shimfiɗa zane ta sayi rake tana sha, ta dube ni ina kai da kawowa ta ce, "Kai, zauna. Ƙafarka ba ta hura taya."

Hantsi ya ɗaga muka shiga Gaya. Garin nan ba ya tsayawa wuri guda. Manyan motoci jere kamar shanu a mashaya, ƴan kabu-kabu na kutsawa tsakaninsu, masu sayar da isansi, wato man fetur, a kwalba kowace kusurwa, kunne kuma na jin Hausa da Dandanci da Zabarmanci da Faransanci a numfashi ɗaya. Na ci shinkafa da soyayyen kifi a tsaye. Kifin ya yi daɗi, kuma ya fi namu araha nesa ba kusa ba, sai dai barkonon ya bi ni har la'asar.

Shagon farko na wani mai kawo kaya daga Kamba ne, can ɓangaren Najeriya. Ya fito mini da irin wanda na daɗe ina kallo a bidiyo: kilabiye mekanik, wanda kowane maɓalli yake da injinsa daban a ƙarƙashi, in ɗaya ya lalace a cire shi a sa wani. Baƙi ne, fitilu na yawo a cikinsa kamar gidan biki. Raina ya biya nan take. Na zauna na gwada ba tare da na duba yatsuna ba, na buga "asalamu alaikum", na ɗaga kai sai na ga abin da ko aljani ba zai karanta ba. Jerin haruffan na Ingilishi ne. Mu da muka koya da jerin Faransanci, inda "a" take a hannunmu, nan "q" ce zaune. Mai shago ya ce ai ana iya sauya shi a cikin ordinatar. Gaskiyarsa ne, amma ni rabin aikina takardun Faransanci ne, ina buƙatar haruffa masu alama a kai su kasance inda ido zai gan su. Na ajiye shi da ƙyar, ina waiwaye.

Na zaga shaguna har ƙafata ta gaji. Wani ƙarami ne ƙwarai, an yanke masa ɓangaren lambobi, ya dace da mai yawo da jaka amma ban da mai buga lissafin ƙungiyar manoma. Wani babu waya, sai an yi masa caji, mu kuwa kuran ɗinmu, wato lantarki, sai ya ga dama yake zuwa. Daga ƙarshe wani ya ce in haye kogi zuwa Malanbil ta ƙasar Benin, kayan Kwatano can suke sauka.

Goggo ma can doyarta take, sai muka gangara bakin kogin Kwara. Kwale-kwale muka shiga, mu da babura biyu da wata mata mai kwandon kaji. Kwara ta cika ta yi ja, injin yana tari, hadari na haɗuwa ta gabas. A tsakiyar ruwa wayata ta yi ƙara: ƴar Baba Mushe ce. Don tsoron mugun labari na kasa ɗauka har ta katse. Sai da muka taka tudu na kira. Ta ce jikin da sauƙi, ya sha kunu, tambaya kawai yake ko na samu.

A Malanbil, bayan layin masu atamfa, na sami shagon wata mata ƴar Benin mai jin Hausa sarai. Ta jera mini guda uku, duka jerin Faransanci, duka masu waya. Ta cire hular maɓalli ɗaya a kowanne ta nuna mini launin injin. Ja yana nutsewa sumul babu ƙara. Ruwan ƙasa yana ɗan tokare yatsa kafin ya shige. Shuɗi kuwa ƙas-ƙas-ƙas yake yi, kamar ana fasa gyaɗa. Na zaɓi ja, don na ce mara lafiya ba ya son hayaniya. Har ta fara sa shi a kwali, sai zuciyata ta ƙi kwanciya. Na sake kiran gida na ce a ba Baba.

"Baba, saurara. Ga na farko." Na buga a ja.

"Ka fara?" in ji shi.

"Na gama ma."

"To ban ji komai ba. Ɗayan fa?"

Na buga a shuɗi. Ya ce, "Wannan. Ni ba na ganinka, ɗana. Wancan naka na da, in ina magana ban san ko kana rubutawa ko kana gyangyaɗi ba, shi ya sa nake maimaitawa har in gaji. Wannan in ya yi shiru, na san ka kamo ni."

Duk zamanmu tare ban taɓa gane dalilin maimaicin nan ba. Na ɗauka tsufa ne. Na biya kuɗin shuɗi ban ko yi ciniki sosai ba, abin da goggo ba ta yafe mini ba har muka haye.

Ruwa ya kama mu a Gaya. Na naɗe kwalin cikin leda na cusa a riga, muka matsu a mota ta ƙarshe tsakanin doya da jarkokin manja. Muka iso gida a jiƙe.

Da safe na kai shi ɗakin Baba. Ya shafa maɓallan da tafin hannunsa, ya danna ɗaya, ya yi murmushi. Aka jingina shi da matashi, ya gyara murya ya ɗora daga inda muka tsaya. Ranar mun yi aikin da a da yake cin mana mako.

Abin da na koyo: kafin ka sayi irin wannan kaya, duba jerin da hannunka ya saba, duba wutar garinku, duba aikin da kake yi, ka kuma tambayi wanda zai zauna kusa da kai yana ji. Ni na je da ido, ashe kunnen wani ne zai yi zaɓin. Yanzu maƙwabta na cewa tela ya tare a gidan Baba. A tarihin kuwa mun wuce zamanin yunwa, muna cikin shekarar da aka haƙa rijiyar kasuwa.