Yaya Usman, ɗan masuncin da ya tafi ƙirga a tekun ƙanƙara

Shekara ashirin da bakwai ke nan da aka kai Yaya Usman makwancinsa a wata maƙabarta da ke gabashin Landan. Ni ce ƙanwarsa Hajara, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma a duk danginmu ni kaɗai ce na ga irin zaman da ya yi a ƙasar nan. Na daɗe ina jin nauyin in rubuta wani abu a kansa, sai bana Allah ya nufa.

Mu mutanen Yauri ne, mahaifinmu masunci. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to Yaya ma ruwa ya bi, sai dai nasa ruwan ba wanda ya taɓa ganinsa a zuriyarmu. Ya zo Landan a farkon shekarun tamanin don karatun halittun ruwa, wani malaminsa ya ja shi cikin masu binciken tekun da ke can ƙarshen kudancin duniya, inda ƙanƙara ke yawo a kan ruwa kamar duwatsu. Abin da yake nazari wasu 'yan halittu ne masu kama da jatan lande, ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, Turawa na ce musu kiril. Ya taɓa gaya mini cewa su ne tuwon wannan teku. Manyan dabbobin ruwa da tsuntsaye duk su suke ci, in suka ragu kowa zai ji a jikinsa.

Na iske shi bayan 'yan shekaru, lokacin da na zo koyon aikin jinya. Muka zauna a wani ɗan flat, wato ƙaramin gida, a saman shago a Lewisham. Duk shekara, da zarar sanyi ya fara shiga Landan, sai ya haɗa jakarsa, domin a lokacin ne rana ke fitowa a can. Wata uku ko huɗu yana cikin jirgin ruwa, yana jefa koma a wurare iri ɗaya, yana ƙirga abin da ta kamo, yana aunawa, yana rubutawa. Wasiƙunsa kan zo a dunƙule. Akwai shekarar da ya riga su isowa, muka zauna yana shan shayi ina karanta masa gaisuwar da ya aiko mini.

Mutanenmu na nan ba su taɓa gane aikinsa ba. In an idar da sallar Juma'a a Whitechapel, wani zai jawo shi gefe ya ce, "Dakta, ƙafar nan tawa ta ƙi daina kumbura." Sai ya yi murmushi ya ce ba irin wannan daktan ba ne. Wata rana a gidan suna wani babban ma'aikaci ya ce masa a gaban jama'a, "Wai kai, ka baro kifin Yauri ka tafi ƙirgar ƙwari a cikin ƙanƙara?" Aka yi dariya, shi ma ya taya su. Amma tun daga can har muka sauka daga bas, titi kawai yake kallo ta taga. A wurin aiki kuma abokan aikinsa suna girmama shi, sai dai in an tashi su sukan wuce mashaya, inda ake ƙulla zumunci da shawarar wanda za a ɗauka a tafiya ta gaba, shi kuwa ya nufi gida. Mutum ɗaya ne ke tsayawa ya saurare shi: Baba Isa, wani dattijo ɗan zangon Kumasi mai sayar da kifi a kasuwar Lewisham. Duk Asabar Yaya zai je wajensa, Baba Isa ya ce, "Malam, zauna. Yaya ƙanƙara naka, ya narke ko bai narke ba?"

Yana cikin jirgi mahaifiyarmu Inna ta rasu. Na kai saƙo ofishinsu, suka aika ta rediyo, ya same shi bayan an yi sadakar uku. Babu hanyar dawowa sai jirgin ya gama aikinsa, wata biyu cur. Da ya dawo ya wuce gida Yauri gaisuwa, wani kawunmu ya ce masa, "Ashe ƙwarin ruwa sun fi uwa." Bai ba ni wannan labari da bakinsa ba, daga gida na ji. Abin da na sani shi ne bai sake taka Yauri ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma ina ganin an yi gaggawar rufe masa ƙofa.

Aikin ma bai riƙe shi ba. Kwantiragi ake ba shi na shekara biyu ko uku, kuma duk lokacin da ɗaya ya ƙare sai mu yi sammako zuwa Croydon a bi layi don sabunta takardar zama. Masu ɗaukar nauyin bincike sabon abu suke so, wanda za a yi shela da shi. Shi kuwa abin da yake yi bana shi ya yi bara. Wata rana da la'asar, a farkon shekarun casa'in, ya shigo ya ajiye jakarsa a bakin ƙofa.

"Hajara, an yi cancel, sun soke aikin," ya ce. "Sun ce ƙirga ba bincike ba ce."

"To yanzu fa, Yaya?"

"Yanzu sai a ci abinci. Me kika dafa?"

Ya rubuta wa jami'o'i nan da gida, shiru. Daga ƙarshe ya samu aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata makarantar sakandare, yana wanke kwalabe yana jera kayan darasi. Bai yi aure ba. Ni kuwa na yi, na koma Croydon, hidimar miji da 'ya'ya da aikin asibiti suka sha kaina. Daga zuwa duk mako, ziyarata ta koma ta wata-wata. Ranar wata Asabar Yaya bai je kasuwa ba. Baba Isa ya jira har Litinin, sannan ya rufe rumfarsa ya je gidansa ya sa aka buɗe ƙofa, aka tarar ya rasu. Likita ya ce zuciya ce. Baba Isa ne ya yi masa wanka, kuma mijina ya ce mini waɗanda suka yi masa salla ba su cika sahu biyu ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, tafiyar rabin sa'a ce tsakaninmu. Wannan ba ya barina har yau.

Yanzu ga shi duniya ba ta da zance sai narkewar ƙanƙara. 'Yata ce ta fara nuna mini a waya, tana yi mini bayani da Turanci kamar yadda 'ya'yanmu na nan suka saba, cewa masu bincike na yawan ambaton rubuce-rubucen kawunta. Dalili kuwa shi ne, duk wanda yake son ya san ko halittun nan sun ragu, dole ya nemi wanda ya ƙirga su a da. Ashe abin da ruwan zafi ya dafa, in an yi haƙuri ruwan sanyi ma zai dafa. Ina yawan tambayar kaina me zai ce da ya ga wannan zamani, da ake auna darajar masani da yawan masu ambaton sunansa. Ba na jin zai yi alfahari, ba na kuma jin zai yi gori. Na san shi. Tambaya zai yi ko har yanzu akwai mai zuwa wuraren nan duk shekara, ko kuma an sake cewa ƙirga ba bincike ba ce.

Shekara biyu da suka wuce wata Baturiya mai irin wannan bincike ta nemo ni. Ta ce ta yi shekaru tana aiki da alƙalumansa, tana zaton "U. Yauri" mutumin Kudancin Amurka ne. Ta tambaya ko ya bar littattafan da yake rubutu a cikin jirgi. Suna cikin wani akwati da ban taɓa iya buɗewa ba. Muka buɗe tare a falona. Tana bin shafukan da yatsa tana jinjina kai, sai ta tsaya a kan wani rubutu da ke gefen lambobin, ta ce wannan fa ba ta iya karanta shi. Ajami ne, irin wanda mahaifinmu ya sa muka koya.

Na karanta mata ina fassarawa. A wani wuri ya rubuta cewa rana ta ƙi faɗuwa, don haka da agogo yake bin lokutan salla. A wani ya ce ya ga wani tsuntsu mai tafiya irin ta limamin unguwarmu. A wani kuma, "Yau kwana arba'in ban yi Hausa da kowa ba, sai da ruwa." Can kusa da ƙarshen littafi na shida na ci karo da sunana: "Wata rana Hajara za ta karanta wannan, ta ce ashe Yaya ya cika surutu." A nan na kasa ci gaba. Baturiyar ta tashi ta shiga kicin ɗina ta dafa mana shayi.

Na ba ta littattafan, domin lambobin ba nawa ba ne, na masu amfani da su ne, kuma za su daɗe suna aiki bayan an manta da mu duka. Mai haƙuri ya dafa dutse, wasu ke shan romon, kuma na san ba zai yi musu rowa ba. Amma kafin ta tafi da su, sai da na yi mako guda ina kwafe duk abin da ke gefen shafukan da hannuna. Wannan rabona ne, ni ya rubuta wa. Ya yi ta hira da ni shekara da shekaru, ban zo sauraro ba sai da na tsufa.

Allah ya jiƙan Yaya Usman, ya yalwata kabarinsa, ya haɗa shi da Inna inda ba mai sake raba su.