Ranar da Na Hana Ta Hausa a Aji

Ban yi karatu mai zurfi ba. Daɗewa a aji ce ta sa aka ba ni shugabancin wata ƙaramar firamare a Alsawra, cikin Omdurman, kuma kullum ina tsoron a ce kujerar ta fi ƙarfina. Malamai mudir suke ce mini, wato shugaba da Larabci. Mutum ɗaya ce take kirana Kawu, malamar aji ɗaya, Bahaushiya kamar ni, wadda iyayenta suka tsufa a gonakin audugar Jazira. Daga unguwar Mayo take zuwa, ta sauya mota, ta haye gada, amma sau da yawa nakan tarar har ta share ajinta.

Yaranta da dama daga gidajen Hausawa suke, ba su jin Larabcin littafi. Takan faɗi abu da Larabci, sannan ta sunkuya ta maimaita musu da Hausa. Har waƙar haruffa ta haɗa musu da kanta. Na sani sarai, don nakan rage tafiya in na zo wucewa ta tagarta.

Wata rana mai duba makarantu ya zo, muka shiga ajin tare. Ya yi wa wata yarinya tambaya da Larabci, ba ta gane ba. Malamar ta raɗa mata da Hausa, yarinyar ta amsa daidai. Sai ya juyo yana murmushi, ya tambaye ni ko an mayar da makarantar gwamnati tsakar gidan Fallata, sunan da ake kiran irinmu Hausawa da shi a can. Ina jin wasa yake yi. Amma ni na yi shekaru ina ɓoye Hausata a ofisoshi, kunya ta rufe ni. A gabansa, a gaban yara, na ce mata da Larabci kada in sake jin wannan yaren a makarantata. Haka na ce, wannan yaren, wanda uwata take sa mini albarka da shi.

Da Larabci ta amsa: "Na ji, mudir."

Ba ta yi rigima ba. Ta koma zuwa daidai da ƙararrawa, ta karanta abin da ke littafi, ta tashi. Waƙar ta mutu, ajin ya yi tsit, ni kuwa na ɗauka shirun ladabi ne. Sauran malamai ma suka ja jiki. Malamin lissafi, da yake kawo ƙwallon dabino yara su yi ƙirga, ya daina, ya ce ba ya son abin da ba a rubuta ba. In muka zauna karin kumallo a faranti ɗaya, ina sa hannu hira ke yankewa.

Ƙarshen shekara ta shigo ofishina da takardar neman sauyin makaranta. Na rufe ƙofa, na ce mata da Hausa, "'Yata, zauna mu yi magana."

Ba ta zauna ba. Ta ce da Larabci sa hannuna kawai ya rage. Ta ɗan jira, idonta a kaina. Na san abin da take jira, yana bakina, amma zuciya ta ce mini shugaba ba ya ba na ƙasa da shi haƙuri. Na sa hannu.

Bayan na bar aiki na yi ta cewa zan je Mayo in same ta, ina ɗagawa, har yaƙi ya watsa mu. Duk wanda na ji daga can ya fito sai na kwatanta masa ita. Har yau ban sami wanda ya san inda ta nufa ba, ban san ko tana raye ba, kuma ban roƙe ta gafara ba.